Ajiya da Gadi: Tsaron Gidan Matafiyi a Unguwannin Hausawa na Inugu, Anaca da Fatakwal

Hausawan da suka kafa unguwanni a Inugu da Anaca da Fatakwal mutane ne da tafiya ta kawo su, kuma tafiyar ba ta taɓa rabuwa da zamansu ba, domin mahauci da ɗan tireda da dillalin shanu kowannensu yana da gona ko iyaye ko iyali a Arewa waɗanda dole ya leƙa, ko da sau ɗaya ne a shekara. Saboda haka batun wanda zai kula da ɗaki da rumfa da haja idan mai su ya yi nisa yana cikin batutuwan da waɗannan al'ummomi suka daidaita tun farkon zamansu. Hanyar da suka bi ba ta dogara ga kwaɗo da sakata ba sai kaɗan, ta tsaya ne a kan ƙa'idoji biyu da suka zo da su daga gida: kada a bar wuri babu mutum, kuma kada a bar dukiya ba tare da an ɗora ta a wuyan wani sananne ba. Waɗannan ƙa'idoji sun yi maganin ɓarawon dare gwargwadon hali na tsawon shekaru kusan hamsin, amma akwai irin tafiyar da ba su yi tanadinta ba, wadda ta auku a 1966, kuma ita ce ta sauya yadda Bahaushen gabas yake riƙe dukiyarsa har zuwa yau.

Tushen al'adar yana cikin fasalin gidan Bahaushe kansa. Gidan gargajiya na Kano ko Katsina ko Zariya kewaye yake da katanga, ko danga a karkara, kuma ƙofa ɗaya gare shi, wato zaure, ɗakin shiga inda maigida yake zama da baƙinsa, inda malami yake karantarwa, inda kuma almajirai ko samarin gida suke kwana. Daga zaure sai a faɗa ƙofar gida, sannan shigifa, wato ɗakin da ya raba wajen gida da cikinsa, kafin a kai ga ɗakunan mata da turakar maigida. Duk wanda zai isa ga adaka ko tukunyar kuɗi sai ya ratsa idanu da yawa, kuma da yake gida ɗaya yakan haɗa uba da 'ya'yansa masu aure da matansu da jikoki, tafiyar mutum ɗaya ba ta mayar da shi kango. A saman wannan akwai tsarin gari: ganuwa mai ƙofofi da ake rufewa da dare a ƙarƙashin kulawar sarkin ƙofa, da mai unguwa wanda ake sa ran ya san duk baƙon da ya sauka a unguwarsa, da dogarai masu kamun ɓarayi, waɗanda a zamanin En'e aka ƙara musu da 'yan doka. Wanda zai yi tafiya a irin wannan gari bai buƙaci wani shiri na musamman ba, illa ya yi sallama da maƙwabta, ya bar wa iyalinsa hatsi da kuɗin cefane, ya kuma ambaci ƙanensa ko babban ɗansa a matsayin wakili.

Fatauci ne ya tilasta wa Hausawa fitar da wannan tsari daga cikin ganuwa. A ƙarni na 19 ayarin fatake masu neman goro yakan tashi daga Kano zuwa Gwanja, inda kasuwar Salaga take a arewacin Ghana ta yau, a ƙarƙashin madugu, wato shugaban ayari, kuma zuwa da dawowa yakan ci watanni masu yawa, wani lokaci ya kusa shekara. Falke yana da dukiya a wurare biyu a lokaci guda, wadda ya bari a gida da wadda yake ɗauke da ita, kuma a kowane zango, wato masaukin ayari a bayan gari, yana buƙatar wanda zai amince masa. Daga nan ne sana'ar maigida ta samo asali, kuma a bakin fatake maigida shi ne mai masauki wanda yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an sayi kayansa bashi. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Badun ya kuma wallafa sakamakonsa a 1969, ya nuna cewa cinikin shanu da na goro tsakanin Arewa da Kudu ya tsayu ne a kan waɗannan masu masauki, domin su ne ke riƙe kuɗin mutanen da ba sa nan. Jarin maigida shi ne sunansa. Ranar da aka ji a Kano ko a Nguru cewa ajiyar wani ta salwanta a hannunsa ba bisa ƙa'ida ba, daga ranar fatake za su sauya masauki, kuma wannan hukunci ya fi na kowace kotu saurin zartuwa.

Abin da ya ba wannan amana ƙashin baya shi ne fiƙihun Malikiyya, wanda kowane almajirin ilimi yake haɗuwa da babinsa na ajiya a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil. Malaman fiƙihu suna kiran ajiya wadi'a, ma'ana dukiyar da aka danƙa wa wani domin ya tsare ta kawai, ba domin ya amfana da ita ba, kuma sun ɗauki mai riƙe da ita a matsayin amintacce wanda ba ya biyan abin da ya ɓace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Sun kuma fayyace abin da ƙetare iyakar yake nufi dalla-dalla. Idan ya sa rigar da aka ba shi ajiya, ko ya hau dabbar, sannan ta lalace, zai biya. Idan ya cakuɗa ajiyar da kayansa ta yadda ba za a iya rarrabewa ba, zai biya. Idan ya miƙa ta ga wani ba tare da uzuri ba, in ban da matarsa ko wanda ya saba ba shi ajiyar kayansa, zai biya, haka nan idan ya yi tafiya da ita alhali yana da amintaccen da zai bar wa. Idan ya ce an sace, ana karɓar maganarsa, da rantsuwa in ana tuhumarsa, amma idan ya ce ya mayar wa mai ita, to in da shaidu aka ba shi, sai ya kawo shaidun mayarwa. Ba shi da ladan tsaro, sai dai yana iya karɓar kuɗin wurin da kayan suka tare. Wannan ne ya sa har yau ɗan kasuwa mai lura ba ya ba da ajiya a ɓoye, sai ya kira mutum biyu, a ƙirga a gabansu, wani lokaci a rubuta da ajami a ɗan takarda, kuma ba wanda yake ɗaukar hakan rashin yarda. Masu wa'azi kan ƙarfafa batun da abin da ya zo a tarihin hijira a shekarar 622, lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Sayyidina Ali a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyoyinsu.

Akwai wani bambanci a cikin fiƙihun da ya dace a tsaya a kansa, domin shi ne ya tsara tunanin mutane game da abin da ake tsoro. Haddin sata ba ya hawa kan mutum sai in ya fitar da abin da ya kai rubu'in dinari ko dirhami uku daga hirzi, wato wurin da a al'ada ake tsare irin wannan abu, kamar ɗaki mai ƙofa ko akwati ko garke mai makiyayi. Wanda aka ba amana ya ci, ko baƙon da aka shigar ɗaki ya ɗauki abu a ciki, ba a kiransa ɓarawo a wannan ma'ana, maci amana ne, kuma hukuncinsa daban. Shari'ar ke nan ta ɗora wa mai dukiya nauyi biyu, ya sa kayansa inda ya dace, ya kuma zaɓi mutum da idon basira, abin da karin maganar nan ta idan ɓera da sata daddawa ma da wari take nuni da shi.

Zuwan Hausawa gabashin kogin Kwara ya faru ne daki-daki. Anaca, wadda take bakin kogi, ta daɗe tana karɓar 'yan kasuwar Nufawa da Igala da Hausawa masu gangarowa daga Lakwaja, kuma harkar ta ƙaru bayan da 'yan mishan suka sauka a garin a 1857, sannan Kamfanin Neja, wanda ya samu izinin mulki daga Ingila a 1886, ya kafa hedikwatarsa a Asaba, tsallaken kogi, da dakaru waɗanda Hausawa suke da yawa a cikinsu. A ƙarshen ƙarnin maharban giwa daga Arewa sun yi sansani a Elele, a ƙasar Ikwerre, kuma yaƙin da Turawa suka yi da Arochukwu a 1901 zuwa 1902 ya shigo da ƙarin sojojin Arewa waɗanda wasunsu ba su koma ba. Amma abin da ya buɗe ƙofar sosai shi ne kwal da layin dogo. An gano kwal a yankin Udi a 1909, aka fara haƙarsa a 1915, aka yanki Fatakwal domin ta zama tashar fitar da shi, aka kuma ba ta sunan Lewis Harcourt, sakataren ƙasashen mulkin mallaka na Ingila, a 1913. Layin dogo ya haɗa Fatakwal da Inugu a 1916, daga baya ya miƙe ta Makurɗi da Kafancan har ya sadu da layin Kaduna, kuma da aka buɗe gadar Binuwai a Makurɗi a 1932 sai taragun shanu suka riƙa wucewa kai tsaye zuwa Inugu da Umuahia, wadda ta zama babbar kasuwar shanu ta yankin. A ƙidayar 1952 zuwa 1953 Inugu tana da mutane kusan 63,000, Fatakwal kusan 72,000, Anaca kusan 77,000, kuma a kowannensu akwai unguwa ko layi da aka sani da Hausawa: Ogbe Hausa da titin Bida a Anaca, wasu titunan tsohon gari da Diobu a Fatakwal, sai kuma Asata da Ogui a Inugu, kafin a yanka filayen Uwani bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda cibiyar Musulunci ta garin take a yanzu.

A waɗannan birane baƙon ya tarar da kusan duk abin da tsaronsa na gida ya dogara a kai babu shi. Ba ganuwa, ba sarkin ƙofa, ba dogarai, domin Jihar Gabas ba ta da 'yan sandan En'e irin na Arewa, sai 'yan sandan Najeriya da aka haɗe rundunarsu a 1930, waɗanda ba sa jin Hausa sai ƙalilan. Babu kotun alƙali da za ta yi hukunci da Risala. Gidan kuma ba gidan zaure ba ne, ɗakunan haya ne masu rufin kwano a jere suna kallon juna, ana tarayya a madafa da bayan gida da mutanen da ba a haɗa harshe ko addini da su ba, kuma galibin baƙin maza ne da suka baro matansu a Arewa. Ɗakin gwauro kuwa in ya ja ƙofa ya tafi, ya zama wurin da babu kowa, wato ainihin abin da al'adar take gudu.

Abin da al'ummar ta yi shi ne ta sake gina zauren da mutane, tun da ba ta da ikon gina shi da tubali. Gidan maigida, wanda yakan kama ɗakuna da yawa ko ya mallaki gida sukutum, ya zama ma'ajiyar unguwa, a nan mai tafiya yake kai akwatinsa da keken ɗinkinsa da ragowar hajarsa. Ɗakin haya ba a barinsa a kulle wata da watanni, sai a sa wani ɗan'uwa sabon zuwa ya zauna a ciki, shi ya samu makwanci, mai ɗakin ya samu mai tsaro, mai gidan haya kuma ya ci gaba da ganin fitila a ɗakin. Rumfar kasuwa tana da yaron da yake kwana a cikinta ko a bakinta. 'Yan gari ɗaya, ko 'yan sana'a ɗaya, ba sa tafiya gaba ɗaya, sukan yi karɓa-karɓa, wannan ya je ya yi shuka ya dawo, wancan ya je girbi. Masallacin unguwa ya ɗauki aikin da dakalin ƙofar gida yake yi a Arewa, domin wanda ake gani a sahu sau biyar a rana in ya ɓace za a tambaya, kuma mai niyyar tafiya yakan faɗa wa liman da dattawan sahun gaba. Rigimar ajiya kuwa takan je gaban Sarkin Hausawa, wato shugaban da baƙin Arewa suka amince da shi kuma hukuma ta san da zamansa, shi da liman su yi sulhu bisa ƙa'idojin da aka ambata, kuma ko da yake ba su da gidan yari, suna da ikon da ya fi ciwo ga baƙo, wato su janye masa inuwar jama'a a garin da ba shi da kowa.

Ya kamata a lura cewa sanarwar tafiya tana da iyaka. Ana faɗa wa maigida da liman da maƙwabcin ƙofa, amma ba a shelanta ranar tashi a mahauta ko a tashar mota, kuma mutane da yawa sukan fita da asuba ba tare da dogon ban kwana ba. Wasu na danganta wannan da tsoron baki ko maita, kuma ba shakka akwai masu rataya laya a saman ƙofa ko su binne tsari a bakinta, wato maganin da aka yi imani yana kare wuri daga ɓarawo, amma dalilin da ya fi ƙarfi shi ne sanin da kowa ya yi cewa da ɗan gari akan ci gari, kuma mai fasa ɗaki da wuya ya zo bai samu labari daga ciki ba. Kuɗi tsaba su ne suka fi wuyar ajiya, shi ya sa dillalai suka gwammace su mayar da su kaya, su sayi goro ko manja ko atamfa su tura Arewa, maimakon su bar su a ƙarƙashin katifa. Banki ya shigo a hankali. An san cewa Alhassan Ɗantata ya kai kuɗin azurfa da raƙuma 20 suka ɗauko bankin Turawa na Kano a 1929, amma ƙaramin ɗan kasuwa ya daɗe yana ganin hannun maigida ya fi masa kwanciyar hankali a kan takardar da ba ya iya karantawa, ga kuma ƙyamar kuɗin ruwa.

Daga wannan suna na riƙon amana ne wata sana'a ta fito wadda ta juya al'amarin, har baƙon ya zama mai tsaron gidan ɗan gari. Kamfanonin Turawa da gidajen ma'aikata sun fara ɗaukar tsofaffin sojojin Arewa aikin gadi, musamman bayan yaƙe-yaƙen duniya biyu, kuma attajiran Ibo suka bi sahu. Maigadi yana da abubuwan da mai gida yake so: ba shi da dangi a garin da za su haɗa baki da shi, yana da maigida ko Sarkin Hausawa da ya tsaya masa, yana kwana a bakin ƙofa da gora da tocila da usur, wani da kwari da baka, kuma ana jin tsoronsa saboda zaton yana da tauri, wato maganin da aka yi imani yana hana ƙarfe kama jiki. Da rana kuma yakan kafa ɗan tebur na alewa da ashana da sabulu, wanda ya sa idonsa yake kan titi koyaushe. Kalandar al'ummomin biyu ta taimaka ƙwarai. A ƙarshen Disamba biranen gabas sukan zama fayau, domin Ibo suna komawa ƙauyukansu bikin Kirsimeti da tarukan dangi, kuma a lokacin rani ne, lokacin da 'yan ci-rani, wato masu barin ƙauye bayan girbi domin neman kuɗi, suka fi yawa a kudu. Idan kuma damina ta faɗi a Arewa ko salla ta zo, Bahaushe ne yake tafiya, maƙwabcinsa Ibo yana nan. A titunan Uwani da Asata da Diobu an yi shekaru ana musayar mukulli a kan wannan saɓani na lokutan tafiya, ba tare da wata hukuma ta tsara shi ba. Matsayin da baƙin suka kai a wancan zamani yana bayyana a zaɓen Malam Umaru Altine, Bafillacen ƙasar Sakkwato kuma dillalin shanu ɗan jam'iyyar NCNC, a matsayin magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950.

Duk wannan tsari yana da sharaɗi guda da ba a taɓa furtawa ba, wato cewa in wani ya tafi wani zai zauna. A 1966 sharaɗin ya rushe. Bayan juyin mulkin 15 ga Janairu, da tarzomar watan Mayu, da juyin mulkin 29 ga Yuli, sai kisan gillar da aka yi wa dubban mutanen gabas a garuruwan Arewa a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, wanda ya kora fiye da mutum miliyan ɗaya zuwa gida. An kashe 'yan Arewa su ma a biranen gabas, kuma a watan Oktoba gwamnan soja na yankin, Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu, ya ba da umarnin waɗanda ba 'yan yankin ba su fita, yana mai cewa ba zai iya lamunce tsaronsu ba. Maigida da baƙonsa, liman da ladan, Sarkin Hausawa da yaron rumfa, duk suka hau jirgi ɗaya. Mai kaya da wanda aka ba ajiya sun zama 'yan gudun hijira a rana guda, kuma babu babin fiƙihu da zai dawo da akwatin da aka bari a ɗaki a garin da aka ci da yaƙi. An ayyana Biyafara a 30 ga Mayu 1967, yaƙi ya ɓarke a watan Yuli, Inugu ta faɗa hannun sojojin tarayya a Oktoba 1967, Anaca a Maris 1968, Fatakwal a Mayu 1968, kuma kafin a ajiye makamai a Janairu 1970 babbar kasuwar Anaca ta ƙone, an kuma karya gadar Kwara da aka gama a 1965.

Ƙarshen yaƙin ya mayar da batun gidan wanda ba ya nan ya zama batun ƙasa baki ɗaya, a ƙarƙashin sunan kadarorin da aka gudu aka bari. A garuruwan Arewa da dama an naɗa kwamitoci ko wakilai da suka kula da gidajen Ibo, suka karɓi haya, kuma da masu su suka dawo an mayar wa da yawa daga cikinsu gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da ya taru, abin da ya yi daidai da hukuncin wadi'a ko da waɗanda suka aiwatar ba da wannan suna suka kira shi ba. A Fatakwal kuwa, wadda ta zama babban birnin sabuwar Jihar Ribas, labarin ya sha bamban, domin an riƙe gidajen Ibo masu yawa, aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Manjo David Mark wanda ya sayar da su, aka kuma rufe ƙofar ƙara da dokar soja mai lamba 90 ta 1979, kuma raɗaɗin wannan bai gushe ba a siyasar yankin. Asarar Hausawan gabas ba ta yi irin wannan amo ba, saboda yawancinsu 'yan haya ne kuma dukiyarsu haja ce da dabbobi da bashin da ke hannun mahauta, abubuwan da ba su da takardar mallaka balle a kafa musu kwamiti.

Waɗanda suka dawo bayan 1970, da sababbin da suka biyo su, sun dawo da wani lissafi daban. Gida na gaske a Arewa ake gina shi, riba kuma ba ta kwana a kudu fiye da kima, abin da ake bari a ɗaki shi ne abin da za a iya haƙura da shi. Garin da suka tarar shi ma ya sauya, domin makaman da yaƙi ya bari sun haifar da fashi da makami, har gwamnatin soja ta kafa dokar kisa a kansa a 1970, kuma gidaje suka fara sa ƙarafuna a taga, da dogayen katangu masu fasassun kwalabe a kai, da ƙofofin ƙarfe a bakin layi waɗanda ake kullewa da dare. Buƙatar masu gadi ta ƙaru, kuma farin da ya afka wa ƙasashen Sahel a 1973 da 1974 ya turo Buzaye da sauran mutanen Nijar da suka rasa dabbobinsu, suka shiga sana'ar da takubbansu da butocin shayinsu. Amma gora da takobi ba sa tare bindiga, kuma maigadi shi ne na farko da 'yan fashi suke ɗaurewa, shi ne kuma na farko da 'yan sanda suke kamawa da safe, rashin adalcin da aka daɗe ana yi wa masu wannan aiki ba tare da an cika maganarsa ba. A ƙarshen shekarun 1990 'yan kasuwar gabas sun koma ga 'yan banga, mafi shahara su ne 'yan Bakassi da suka taso daga masu ɗinkin takalma na kasuwar Ariaria a Aba a 1998, aka gayyace su Anaca a 2000 a zamanin Gwamna Chinwoke Mbadinuju, kafin gwamnatin tarayya ta murƙushe su a 2002 bisa zargin kashe-kashe ba tare da shari'a ba.

Tafiyar dole irin ta 1966 ta sake aukuwa a ƙaramin sikeli fiye da sau ɗaya, a Aba a 2000 bayan rikicin Kaduna, a Anaca a Fabrairun 2006 bayan kashe-kashen Maiduguri, lokacin da aka lalata masallatai Hausawa suka tsallaka Asaba ko suka fake a barikin soja, da kuma Oyigbo kusa da Fatakwal a Oktoba 2020. Kowane karo ya ƙara tura manyan harkokin zuwa bayan gari, zuwa kasuwannin shanu irin su Lokpanta da Ugwuoba, inda dubban mutane suke kwana kusa da dabbobinsu da kayansu, suna da nasu 'yan sintiri da shugabannin kasuwa. Wayar salula, wadda ta fara bazuwa a Najeriya a 2001, da tura kuɗi ta banki da ta masu POS, sun rage wa maigida aikin riƙe tsabar kuɗi, kuma mai tafiya yana iya kiran yaron rumfarsa daga Funtuwa ko Haɗeja kowane dare ya ji halin da ake ciki. Aikin hajji, wanda a da yakan ɗauki shekaru ta hanyar Sudan har mutum ya rubuta wasiyya kafin ya tashi, ya koma na makonni tun da jirgin sama ya karɓe shi aka kuma kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, duk da haka maniyyaci daga Uwani ko titin Bida yana biyan bashinsa, ya mayar da ajiyar da ke hannunsa, ya kuma danƙa mukullinsa a gaban shaidu kafin ya nufi sansanin alhazai. Wani nauyin da ya hau kan mai tafiya a Agustan 2021 shi ne na zaɓen rana, domin dokar zaman gida ta ranar Litinin da masu fafutukar Biyafara suka ƙaƙaba ta sa direbobin manyan motocin Arewa suka riƙa tsara tashi da isowa ta yadda Litinin ba za ta riske su a kan hanyar Anaca zuwa Inugu ba.